Tsohuwar Bindigar Gado: A Karanta Ta Kafin A Yi Mata Kuɗi

Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Akwai gidaje a Jalingo da sauran garuruwan ƙasar Muri waɗanda wannan karin magana ya hau kansu daram. A ƙarƙashin gadon tsoho, ko a bayan adaka, ko a rataye cikin wani ɗakin da aka daina shiga, akwai tsohuwar bindiga wadda kowa a gidan ya tashi ya gan ta, amma babu wanda ya san shekarunta, balle kuɗinta. Ba a tunawa da ita sai ran da mai gida ya kwanta dama, aka zauna rabon gado, aka yi wa gona kuɗi, aka yi wa shanu kuɗi, aka zo kanta aka yi cirko-cirko.

A nan ne ra'ayi kan rabu. Wani daga cikin magada ya ce ai da ita kakansu ya je yaƙin Kona, saboda haka ta fi gidan ma tsada. Wani ya ce tsohon ƙarfe ne kurum, a kai wa masu sayen ƙarafa a awo. Wani saurayi ya ce ya gani a intanet an sayar da irinta a Amurka kan kuɗin da zai sayi unguwa guda. Kafin a ankara sai ga dillali ya yi sallama, ya juya ta, ya taɓe baki, ya ajiye 'yan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ya naɗe ta a buhu. Da haka gida kan rabu da abin da ba zai sāke samu ba, wani lokaci ma har ya jawo wa kansa shari'a.

Alhali kuwa irin waɗannan bindigogi ba bebaye ba ne. Waɗanda suka ƙera su sun rubuta tarihinsu a jikinsu, da lambobi da tambura, kuma duk mai haƙuri yana iya karantawa.

WACE IRI AKE NUFI

Ba adaka ake magana ba, watau bindigar toka wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, irin ta maharba da ta 'yan bindigar sarki ran hawan Salla. Wadda ake nufi ita ce mai cin harsashi ta baya, wadda ke da wani lanƙwasasshen ƙarfe a ƙarƙashinta, daidai bayan kunama, abin da makanikai za su kira liba. In aka danna libar nan ƙasa sai cikin bindigar ya buɗe, kwanson harsashin da aka harba ya fito; in aka mai da ita sama sai ya rufe, ta ɗanu.

Manyan iri biyu ne suka shahara da wannan ɗabi'a a ƙarni na 19. Ta farko ita ce Martini-Henry, bindigar sojan Ingila, wadda aka amince da ita a 1871. Harsashi ɗaya take ci, a harba, a sāke sa wani da hannu. Ta biyu ita ce Winchester ta Amurka, wadda ke da ƙaramin bututu a ƙarƙashin babban, inda ake jera harsasai. Samfurin 1873 mai dogon hanci yana ɗaukar 15. Wanda ya ga bututu biyu, ɗaya bisa ɗaya, da 'yar ƙofa a gefen dama ta cusa harsashi, to dangin Winchester ya riƙa. Wanda ya ga bututu ɗaya da faffaɗan akwatin ƙarfe mai santsi, babu kan kunamar da ake ja da babban yatsa a waje, to Martini ce ko wata 'yar'uwarta.

Akwai iri na uku da ake yawan rikita su da waɗannan, watau masu sakata, waɗanda ake ɗaga wani ɗan ƙarfe a gefe a ja shi baya kamar sakatar ƙofa. Bindigogin sojan Faransa na wancan zamani, Gras ta 1874 da Lebel ta 1886, duk masu sakata ne. Haka kuma Mauser ta Jamusawa, wadda aka yi yaƙin Kamaru da ita daga 1914 zuwa 1916. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin zai yi amfani nan gaba.

YADDA SUKA SHIGO ƘASAR MURI

Ba banza ba ne ake danganta kowace tsohuwar bindiga a Jalingo da yaƙin Kona, domin garin kansa bindiga ce ta share masa fili. Sarkin Muri Muhammadu Nya, wanda ya yi sarauta daga 1874 zuwa 1896, ya yi shekara da shekaru yana fama da Jukunawan Kona bai ci garinsu ba. A cikin 1892 sai ga wani hafsan jiragen ruwan Faransa, Laftana Louis Mizon, ya hauro Binuwai a tafiyarsa ta biyu da jirage biyu. Ɗayansu ya kafe a yashi a ƙasar Muri. Mizon ya ƙulla yarjejeniya da Sarki, ya kuma taimake shi da igwa da sojojinsa masu bindigogin zamani, aka ci Kona a ƙarshen wannan shekara. An kashe mutane, an kama bayi masu yawa, har maganar ta zama abin cece-kuce tsakanin Ingila da Faransa. A 1893 Sarki Nya ya kafa Jalingo kusa da wurin, sunan da ya samo asali daga kalmar Fillanci mai nufin rinjaye. A shekarar nan kuma Mizon ya bar Binuwai, Kamfanin Royal Niger, wanda ke da babban sansani a Ibi, ya kama kayansa.

A wancan zamani bindiga mai cin harsashi ta baya ba abin da talaka ke samu ba ne. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana Turawa sayar wa mutanen mafi yawan ƙasashen Afirka irin waɗannan makamai, aka bar musu adaka da albarushin kasuwa. Saboda haka 'yan kaɗan ɗin da suka shigo ta ɓarauniyar hanya suka biyo: wasu ta Sahara daga Tarabulus, wasu daga bakin teku ta ƙasar Yarabawa da Nufe, wasu kyauta ce daga matafiyan Turawa masu neman yardar sarakuna, wasu kuma sun watsu ne bayan da Faransawa suka kashe Rabeh a Kusuri ran 22 ga Afrilu, 1900, rundunarsa ta tarwatse. Ita kuwa Martini, sojan mulkin mallaka da Lugga ya kafa a 1897 sun fara da irinta wadda aka sāke wa hanci.

Ke nan duk bindiga mai liba da ta kwana a wani gida tun wancan zamani, akwai dalilin da ya kai ta can. Ko dai mai ita bafade ne, ko ɗan bindigar sarki, ko tsohon soja, ko wanda ya yi wa Bature aiki. Wannan dalili wani yanki ne na tarihin ƙasar, kuma kamar yadda za a gani, shi ne mafi tsada a jikinta.

KARATUN MARTINI

Turawan Ingila ba su ɓoye kome ba. A gefen dama na akwatin ƙarfen Martini ta gwamnati akwai hoton kambi, a ƙarƙashinsa haruffa biyu, V.R., watau alamar Sarauniya Victoria. Daga nan sai sunan masana'antar da ta ƙera ta, galibi Enfield, ko kuwa haruffan kamfanonin B.S.A. na Birmingham ko L.S.A. na Landan. A ƙarƙashin wannan sai shekara a rubuce ɓaro-ɓaro, sa'an nan lambar samfuri da ƙidayar Rumawa, daga I zuwa IV. Samfuri na ɗaya na 1871 ne, na biyu na 1877, na uku na 1879, na huɗu kuwa, wanda aka fi ganewa da doguwar libarsa, ya fito ne a ƙarshen shekarun 1880.

Ban da waɗannan akwai wata 'yar alama kamar sawun kaza, watau kan kibiya, wadda ke nuna kayan gwamnatin Ingila ne. In aka ga irin kibiyar nan guda biyu sun haɗa kai, to alama ce an sallame ta daga aikin soja an sayar. A ƙotar kuma sau da yawa akan sami tambari zagayayye da lambar rundunar da ta riƙe ta.

Sai a duba gefen hagu. Daga 1895 gwamnatin Ingila ta riƙa cire wa tsofaffin Martini hancinsu mai faɗin baki, tana sa musu siriri mai cin harsashin .303, ta kuma buga shekarar wannan gyara a hagu. Saboda haka bindiga guda tana iya ɗaukar shekara biyu, ta haihuwa a dama, ta gyara a hagu. In hagun ya ce 1896, to a wannan shekara tana hannun gwamnatin Ingila, kuma babu yadda za a yi a ce ta ga yaƙin Kona na 1892, ko da daman ya ce 1880. Haka kuma wanda aka ce masa Martini ɗinsa daga rumbun sojan Faransa ta fito, ya tuna cewa na Faransa masu sakata ne.

KARATUN WINCHESTER

Winchester ba ta rubuta shekarar ƙira a fili, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure. A kan hancin samfurin 1873 akan ga ranaku na 1860 da 1866, sai mutum ya ɗauka shekarun bindigarsa ke nan. Ba haka ba ne. Waɗannan ranakun rajistar fasahar ne, an kuma yi ta buga su shekara da shekaru. Kazalika lambar da ke kan ɗan ƙarfen da ya kwanta bisa wuyan ƙota, 1873 ko 1892 ko 1894, sunan samfuri ce kurum. Samfurin 1873 an yi kusan shekara hamsin ana ƙera shi, har aka fitar da fiye da 700,000. Na 1892 ya wuce miliyan ɗaya. Na 1894, wanda John Browning ya zana, ya wuce miliyan bakwai, kuma an ci gaba da ƙera shi a masana'antar New Haven har aka rufe ta a 2006.

Amma sunan samfuri yana da amfani guda: yana faɗin shekarar da bindiga ba za ta girme ta ba. Wadda aka rubuta wa 1894 ba ta je Kona ba, ko wa ya faɗa. Mai akwatin tagulla mai ruwan ɗorawa kuwa, in ta asali ce, samfurin 1866 ce, wadda aka daina ƙerawa kafin ƙarni na 19 ya ƙare. Irinta ce sojan Daular Usmaniyya suka yi amfani da ita a kan Rashawa a Plevna cikin 1877.

Abin da ke faɗin shekara ta gaskiya shi ne lambar bindigar ita kanta. A samfurin 1873 tana ƙarƙashin wuyan ƙota, inda libar ke kwanciya. A na 1892 da na 1894 tana ƙarƙashin akwatin ƙarfe ta gaba. Kundayen da kamfanin ya riƙa rubuta ranar shigar kowace bindiga sito da ranar fitarta suna nan a gidan tarihin bindigogi na garin Cody, a jihar Wyoming ta Amurka, kuma gidan yana ba da takardar shaida ga wanda ya aika da lamba ya biya, muddin lambar ta faɗa cikin kundayen da suka tsira. Wata alamar kuma ita ce haruffan W da P a haɗe cikin da'ira mai siffar ƙwai a kan hanci. An fara buga ta wajen 1905, saboda haka hancin da ke ɗauke da ita bai girmi wannan lokaci ba.

Ga misalin da ke nuna ƙarfin lamba. A watan Nuwamba na 2014 ma'aikatan wani gandun daji na gwamnati a jihar Nevada suka tsinci Winchester 1873 a jingine da wata bishiya, ta yi tsatsa, ƙotarta ta koɗe, ba mai ita, ba labari. Lambarta kaɗai aka duba a kundayen Cody aka gane a 1882 aka ƙera ta. Da aka haska ta da na'urar hoton ƙashi sai ga harsashi a ɓoye cikin ƙotarta. Darasi biyu ke nan: lamba ba ta ƙarya, kuma tsohuwar bindiga ba a ɗaukarta fanko ce sai an tabbatar.

RAMIN ƘARYA ƘURARRE NE

Ba kowace mai kambi ce ta Sarauniya ba. Maƙeran kan iyakar Pakistan da Afganistan sun daɗe suna kwaikwayon Martini da hannu, har da tamburanta. Ana gane aikinsu da haruffan da suka karkace, da harafin N da aka buga a juye, da kuma alamar V.R. tare da shekarar da ta wuce 1901, alhali kuwa Sarauniya Victoria ta rasu ne a watan Janairu na wannan shekara. Akwai kuma Martini na kasuwa, waɗanda aka ƙera a Birmingham ko a Liège ta ƙasar Beljiyam don sayarwa ga maharba. Waɗannan ba jabu ba ne, amma ba na soja ba ne. Na Liège suna da haruffa E, L, G cikin da'ira, kuma in akwai kambi a kan da'irar, to daga 1893 ne zuwa gaba.

Ita ma Winchester ba ta tsira ba. A garin Eibar na ƙasar Sifen an ƙera kwaikwayon samfurin 1892 mai suna El Tigre tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Daga shekarun 1960 kuma kamfanonin Italiya, irin su Uberti, suka shiga ƙera sababbin 1866 da 1873 waɗanda daga nesa ba a bambanta su da na asali. Tamburan ƙasar da ta gwada su ne ke tona su.

A ƙasar nan kuwa abin da aka fi samu shi ne haɗin gambiza. Gara ta ci ƙotar asali, wani kafinta ya sassaƙa sabuwa da maɗaci. Wani ƙarfe ya karye, maƙerin gari ya ƙera madadinsa. An naɗe wuyan da fata ko waya, an rataya laya. Ga mai tara bindigogi a Turai wannan ragi ne. Ga mai nazarin tarihin ƙasar Muri kuwa wannan shi ne shaidar cewa bindigar ta rayu a nan, ta yi aiki, an kuma ji da ita.

ME KE SA TA YI KUƊI

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Masu wannan sana'a abu huɗu suke dubawa. Na farko lafiyar jiki: nawa ya rage na baƙin launin da aka fito da ita da shi daga masana'anta, kuma yaya cikin bututun yake. Na biyu asali: ko duk gaɓoɓinta nata ne na haihuwa. Na uku ƙarancin irinta. Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne labarinta, watau wa ya riƙe ta, a ina, da wace shaida.

Maganar ƙaranci, Martini ba ta da wuyar samu a duniya. An ƙera dubban ɗaruruwa, sa'an nan a 2003 wani kamfanin Amurka ya sayo tsofaffin makamai fiye da 50,000 daga wani tsohon gidan sarauta a Katmandu, babban birnin Nepal, cikinsu har da Martini masu ɗimbin yawa. Saboda haka wadda ba ta da wani labari na musamman, kuɗinta a kasuwannin waje bai cika wuce 'yan ɗaruruwan daloli zuwa 'yan dubbai kaɗan ba, wadda tsatsa ta cinye kuwa ba ta kai nan ba.

Maganar labari kuwa, a 2016 an yi gwanjon wata Winchester samfurin 1886 a Amurka kan dala miliyan 1.26. Abin da ya kai ta nan shi ne lambarta 1, kuma an tabbatar kyauta ce da aka yi wa Kyaftin Henry Lawton, hafsan da ya bi sawun Geronimo, shugaban mayaƙan ƙabilar Apache, har ya miƙa wuya a 1886. 'Yan'uwanta da aka ƙera a masana'anta guda, da ƙarfe iri guda, ba su kai ko kusa da wannan ba. Irin wannan labari ne saurayin nan ya gani a intanet ya ɗauka kowace mai liba haka take. Ba ƙarfen aka saya ba, sunan da takardar aka saya.

To, a nan ne gidajen Jalingo suke da abin da dillali ba zai iya ƙerawa ba, kuma shi ne suka fi sakaci da shi. Tsohuwar da ta san sunan wanda ya fara kawo bindigar gidan, da sarautar da ya riƙe, da sarkin da ya ba shi, tana nan zaune a tsakar gida ba wanda ya tambaye ta. Ran da ta rasu, bindigar ta koma ɗaya daga cikin dubbai.

GYARAN GANGAR AUZINAWA

Babbar ɓarnar da ake yi wa waɗannan kaya da kyakkyawar niyya ake yinta. Da zarar an ji tana iya yin kuɗi sai a ba yaro yashi da toka da lemon tsami ya goge ta har ta yi ƙyalli, ko a kai wa mai fenti, ko a shafe ƙotar da man katako. Garin neman gira a rasa ido: gugar nan tana shafe ƙananan tamburan da ke faɗin shekara, tana kuma cire launin asali wanda shi ne masu saye ke biya dominsa. Abin da ya kamata kurum shi ne a share ƙura da busasshen tsumma, a shafa ɗan man keken ɗinki kaɗan a ƙarfen, a ajiye ta inda babu laima da gara, kada a ƙunshe ta a leda.

Kada kuma a ce za a gwada ta. Yawancinsu don baƙin albarushi aka yi su, wanda ƙarfinsa bai kai na harsashin zamani ba, ga kuma tsatsar shekara ɗari a cikin bututu. Wanda ya cusa mata abin da ba nata ba yana iya rasa hannu ko ido. Kada a nuna bakinta ga kowa, kada a bar yara su yi wasa da ita.

ABIN DA DOKA TA CE

Kuɗin da ake ji a Amurka ba kuɗin Jalingo ba ne, domin dokokin ba ɗaya ba ne. A can dokar tarayya ta ɗauki bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi. A Nijeriya kuwa Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa su ne bisa irinsu, ba bisa shekarunsu ba. Akwai waɗanda sai da lasin Shugaban Ƙasa, cikinsu har da bindigogin soja masu cin harsashin .303, akwai na lasin Sufeto Janar na 'yan sanda, akwai kuma bindigar toka, wadda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Lasin na wanda aka ba ne, ba a gadonsa. Dokar fashi da makami ta 1984 kuma ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko tara, ko duka biyu, ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba.

Har ila yau akwai doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wakilan da aka amince da su, ta kuma hana fitar da su waje ba da izni ba. Bindigar da ke da alaƙa da tarihin wata masarauta tana iya faɗawa cikin wannan sahu, hukumar ce mai tantancewa. Ke nan dillalin da ya naɗe bindiga a buhu ya bar magada da laifi biyu a wuya. A wannan zamani da kalmar 'yan bindiga ta tashi daga nufin dakarun sarki ta koma nufin ɓarayin daji, ba wanda zai so a tsai da shi a shingen bincike tsakanin Jalingo da Wukari yana bayanin cewa ta kakansa ce.

ABIN YI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ke da irin wannan ajiya kada ya jira ranar rabon gado. A zaunar da dattawan gidan, maza da mata, a rubuta abin da kowa ya sani, da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, a kuma bambanta abin da mutum ya gani da idonsa da abin da ya ji. A ɗauki hoton bindigar a inda take, dama da hagu, da hoton kowane tambari da kowace lamba. In akwai tsohon lasin, ko takardar sallama daga soja, ko hoton mai ita, a haɗa wuri guda. Sa'an nan babban gida ya je da hotunan, ba da bindigar ba, wurin mai unguwa ko hakimi, a nemi shawarar lauya, a sanar da 'yan sanda ta hanyar da ta dace, a kuma tuntuɓi jami'an Hukumar Gidajen Tarihi ko malaman tarihi na Jami'ar Jihar Taraba.

Su ma hukumomi da aiki a gabansu. Ya kamata Majalisar Masarautar Muri da gwamnatin jiha da rundunar 'yan sanda su buɗe wata ƙofa da mai bindigar gado zai bi ba tare da tsoro ba, a duba ta, a rubuta ta, wadda ta cancanta a ajiye ta a gidan tarihi da sunan zuriyar da ta bayar, maimakon a haɗa ta da makaman ɓarayi a lalata. In an zo rubuta bayaninta kuma a faɗi labarin duka. Bindigar da wani gida ke tunawa da ita da alfahari, wani gidan a Kona da baƙin ciki yake tuna irinta, kuma jikokin ɓangarorin biyu yau kasuwa guda suke ci, makaranta guda 'ya'yansu ke zuwa. Gaskiyar da aka rubuta da adalci ta fi ƙarfe daɗewa.

Mai yiwuwa bayan duk wannan bincike a tarar bindigar gidan ba ta je Kona ba, ta 1910 ce, wani kaka ya samo ta a wurin aiki. Wannan ba asara ba ce. An san gaskiya, an huta da gardama, magada sun rabu lafiya, sunan kakan kuma ya shiga takarda. Allah ya sa masu irin wannan ajiya su farga tun dattawan da suka san labarinta suna raye, amin.